Yadda Ake Gane Sulen Zinaren da Aka Gada Ba Tare da an Lalata Shi Ba

A gidaje da yawa na Jega, Gwandu, Yawuri, Argungu, Gummi, Anka da Ƙauran Namoda, idan dattijo ko dattijuwa ta rasu aka zo buɗe adaka don rabon gado, akan ci karo da ɗan ƙulli a ƙasan kaya. Wani lokaci tsumma ne a ɗaure, wani lokaci batta ko tsohon gwangwanin turare, a ciki kuwa sule ɗaya ko biyu masu launin zinare. Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne ko'ina. Wannan ya ce a kai wa maƙeri ya goga a dutse, wancan ya ce a ɗiga masa ruwan batir, wata kuma ta ɗebo toka za ta wanke shi ya fito fes. Kafin la'asar an kankare gefensa, an ƙarce fuskarsa, kuma har yanzu ba wanda ya san ko mene ne.

Tambayoyi uku ne a kan irin wannan sule, kuma kowace da mai amsa ta. Zinare ne? Idan zinare ne, hukuma ce ta buga shi a zamaninsa, ko maƙeri ne ya kwaikwaya daga baya? Idan na asali ne, irin wanda ya cika duniya ne ko mai wuyar samu? Maƙerin unguwa, komai ƙwarewarsa, ta farko kaɗai zai amsa maka, kuma hanyarsa ta amsawa takan ɓata amsar sauran biyun. Saboda haka tsarin aikin shi ne a fara da gwajin da ba ya taɓa lafiyar sulen, a bar mai ɓarna a can ƙarshe, in ma an kai gare shi.

Kafin komai: shaidu da takarda

Muddin ba a raba gado ba, sulen nan na magada ne gaba ɗaya, har da jaririn goye da matar da ke takaba. Kada ka sa shi aljihu ka tafi Gusau ko Birnin Kebbi kai kaɗai, ko da niyyarka fara ce tas. Ka tara aƙalla mutum biyu daga cikin magada, ku shimfiɗa farin ƙyalle mai laushi, ku ɗora shi a kai, ku ɗauki hoton fuska da baya da gefe, da rula a kusa da shi don girmansa ya fito. Hasken rana a inuwa ya fi na fitilar waya, domin fitila takan dallare rubutun. A rubuta ranar, da inda aka same shi, da wanda zai riƙe, kowa ya sa hannu. Yawancin rigimar da ke tashi daga baya ba ta wuce zargin an musanya, kuma hoto mai nuna kowane ƙwarzane shi ke kashe wannan magana.

Ka wanke hannu ka shanya, ka riƙe shi ta gefe da yatsa biyu. Kada ka cije shi. Kada ka wanke shi da toka, ko omo, ko man goge baki, ko lemun tsami. Zinare ƙarfe ne mai taushi, toka kuwa tana da yashi, kuma layukan da za ta bari ba sa fita har abada. Masu sayen tsofaffin kuɗi suna gane wankakken sule da kallo ɗaya, su kuma rage masa kuɗi sosai. Daɗin daɗawa, dattin da ya maƙale a tsakanin haruffa yana cikin abin da masani ke dubawa.

Akwai gargaɗin da ya shafe mu musamman, mu da muke zaune kusa da ramukan haƙar zinare na Anka, Bukkuyum, Maru da yankin Yawuri. Zaiba, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da masu wankin zinare ke kama gari da shi, tana nan a hannun mutane. Idan ta taɓa sule takan shige jikinsa ta bar farin tabo, sannan a ce sai an ƙona kafin ta fita, hayaƙinta kuma guba ne. Yankin da ya rasa yara fiye da 400 a gubar dalma ta 2010 bai kamata a sake kawo masa aikin sinadari cikin tsakar gida ba.

Ka tambayi tsofaffi tun suna nan

Ka zauna da Gwaggo ko Kawu ka tambaya a hankali. "Gwaggo, wannan abin da ke cikin kayan Inna, daga ina ya fito?" Amsa irin "Alhaji babba ne ya zo da shi daga Makka, lokacin da ya tafi ta ƙasa" tana da amfani ƙwarai, domin ta rage maka fagen bincike. Alhazan da suka bi ta Barno da Cadi da Sudan suka ƙetare Bahar Maliya sun yi shekaru a hanya suna aiki, kuma sun yi mu'amala da kuɗin Ingila, na Masar da na Turkawa. Wanda ya yi fatauci ta Kamba da Gaya zuwa ƙasar Faransi zai fi yiwuwa ya riƙe na Faransa. Ka rubuta labarin yadda aka faɗa, da sunan wanda ya faɗa. Amma labari ba hujja ba ne. Kakanmu ma ana iya sayar masa da jabu a kasuwar Jidda, ya adana shi shekara hamsin da zuciya ɗaya.

Abu guda kuma ka riƙe da kyau. A zamanin da, ƙasar nan tamu da kuɗin wuri take ciniki, zinare kuwa a gari ko a dunƙule ake auna shi da miskali. Kanta na Surame bai buga sulen zinare ba, sarakunan Zamfara ba su buga ba, Daular Sakkwato da Gwandu ma ba su buga ba. Duk wanda ya ce maka wannan "dinarin Shehu" ne ko "kuɗin Kanta", ko dai bai sani ba ko yana da wata manufa. Duk sulen zinare na gaske da ke adakar gidanku daga waje ya shigo.

Ka karanta abin da ke jikinsa

Nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Ka samu madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo ko waya, ka kwafe duk harafi da lamba a takarda.

Fara da wanda ya fi ruɗar mutane. Idan ka ga itacen kwakwa a baya da rubutun BRITISH WEST AFRICA, to sulen zamanin Turawa ne ko fataka, wato sule biyu. Na farkonsu, daga 1913, azurfa ne, amma daga 1920 aka koma buga su da tagulla mai ruwan ɗorawa. Launin ne ke yaudara, babu ko ƙwayar zinare a ciki. Haka kwabo da anini masu huji da tauraro. Abin tunawa ne mai kyau a ajiye wa yara, amma ba dukiya ba ce, kuma duk mai zuwa da labarin cewa ana sayen kwabo mai huji da miliyoyi, sai dai ka fara biyan kuɗin gwaji, ɗan damfara ne. Babban farin sule mai hoton mace da shekarar 1780 kuwa na Mariya Tereza ne, azurfa ce mai nauyin giram 28, kuma an yi ta buga shi da wannan shekara ɗaya har ƙarni biyu, don haka 1780 ɗin ba ta nuna tsufansa.

Wanda ya fi yawa a cikin na zinare shi ne fam na Ingila, wanda Larabawa ke kira junaihi. A fuska akwai kan sarki ko sarauniya, a baya galibi mahayin doki yana sukar wata dabba mai fukafukai. Nauyinsa giram 7.98, faɗinsa milimita 22, karat 22. Rabinsa giram 3.99 ne. An fara buga wannan samfuri a 1817. Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, hagu take kallo. Edward na Bakwai dama yake kallo, kuma sulallansa daga 1902 ne zuwa 1910. Joji na Biyar hagu yake kallo, daga 1911 zuwa 1932. Ka gwada hoton da shekarar. Idan kan Edward ne amma shekara 1915, magana ta ƙare. Haka idan ka ga shekara irin 1935 ko 1945, domin bayan 1932 ba a sake buga na yawo da sabuwar shekara ba sai 1957. A ƙasan ƙafar dokin, sama da shekarar, akan sami ɗan ƙaramin harafi mai nuna garin da aka buga: S na Sidni, M na Melbon, P na Pat, duk a Ostareliya, C na Kanada, SA na Firitoriya daga 1923 zuwa 1932, I kuma na Bombai, a 1918 kaɗai cikin na wancan zamani. In babu harafi ko'ina a jikinsa, galibi na Landan ne. Harafin SA da shekarar 1912 ba su taɓa haɗuwa a gidan buga kuɗi ba.

Ka duba ko akwai ƙaramin hatimi mai cewa 21K ko 875 ko 916 ko 750. Fam na asali ba ya ɗauke da irin wannan lamba. Wannan aikin maƙeran Saudiyya da Masar da Dubai ne, waɗanda har gobe suke ƙera junaihi mai giram 8 da hoton Joji don ajiya da kayan lefe. Gwal ne na gaske, kuɗinsa na nan, amma ba tsohon kuɗi ba ne, kuma hajiyoyinmu sun shigo da shi da yawa. Ita ma Saudiyya ta buga nata junaihin na hukuma, mai rubutun Larabci zalla, da shekarar hijira 1370 da 1377, nauyi ɗaya da na Ingila.

Idan ka ga wani zane mai lanƙwashe-lanƙwashe da dogayen sanduna uku a tsaye, tambarin sarkin Turkawa ne na Santambul. Lirarsu ta zinare giram 7.2 ce, karat 22. Karanta shekararta na da dabara. Lambar da ke ƙasan baya, kusa da inda aka rubuta "duriba fi Kusɗanɗiniyya", shekarar hawan sarki ce, kamar 1293 ta Abdulhamid na Biyu ko 1327 ta Muhammadu Rashad. Ƙaramar lambar da ke ƙarƙashin tambarin ita ce shekara ta nawa a mulkinsa. Sai ka haɗa su ka cire ɗaya. Misali 1293 da 20 ya ba da 1312. Don juyawa zuwa miladiyya, ka ninka shekarar hijira da 0.97 ka ƙara 622, sai 1312 ta faɗo wajen 1894. Idan an rubuta "duriba fi Misra", na Masar ne, kuma fam ɗinsu na ƙarshen ƙarni na 19 giram 8.5 ne, karat 21. Ka nemi wanda ya yi karatun allo ya duba maka lambobin, don biyar ta Larabci takan yi kama da sifili, shida kuma da bakwai ta boko.

Na Faransa mai faran 20 giram 6.45 ne, milimita 21, kashi 90 cikin ɗari zinare. Akwai mai kan Napoliyon, akwai mai zakara, wanda aka buga daga 1899 zuwa 1914.

Sai wanda kowa ke fatan samu, tsohon dinarin Musulunci. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya tsayar da siffarsa a shekara ta 77 bayan hijira, wajen 697 miladiyya: rubutu zalla babu hoto, nauyin miskali ɗaya, wato giram 4.25, siriri, faɗinsa wajen milimita 19 zuwa 20. Rubutun Kufi ne mai kusurwa, galibi babu ɗigo. A tsakiyar fuska kalmar shahada, a baya wani sashe na Ƙulhuwallahu, a kewaye kuma "bismillahi duriba hazad dinaru" da shekarar. Ka lura, shekarar da kalmomi ake rubuta ta a waɗannan ƙarnoni, ba da lambobi ba. Dinarin da ke iƙirarin na Banu Umayya ne ko na Abbasiyawan farko amma yana ɗauke da lambobi, sabon ƙira ne. Na Faɗimiyawa sukan zo da rubutu zobe cikin zobe. Na Murabiɗai an buga su a garuruwa irin Sijilmasa da Marrakesh, da zinaren da ya fito daga Afirka ta Yamma ya ƙetare Sahara, haka ma na Ahmad al-Mansur na Maroko wanda sojojinsa suka ci Songhai a 1591 har ya sami laƙabin Zahabi. Ba abin mamaki ba ne irin waɗannan su dawo kudu a gafakar malami ko jakar bafatake, amma samunsu a gida abu ne mai wuya, kuma jabunsu sun fi na asalin yawa. Akwai kuma dinarin zamani mai giram 4.25 da ake bugawa a Malesiya da Dubai, sumul da shi kamar yau aka yi, don yau ɗin aka yi shi.

Sikeli, rula da maganaɗisu

Ka sami ƙaramin sikelin lantarki mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, irin na masu sayen gwal. Na kicin ko na mai nama ba zai yi ba. Ka ɗora shi a wuri mai lebur, ka kashe fanka, ka auna sau uku. Fam na Ingila da ya sha hannu yakan ragu kaɗan, ya zo 7.93 ko 7.95. Idan ya nuna 7.5 ko 8.2, akwai magana. Tsohon dinari an fi yi masa uzuri, don wasu an rage musu gefe tun a zamaninsu, wasu daulolin kuma nauyinsu ya ɗan bambanta.

Sannan faɗi da kauri. Amfanin haɗa su da nauyi shi ne zinare ya ninka tagulla nauyi fiye da sau biyu. Mai yin jabu da tagulla, in ya daidaita girma, sulensa zai tsaya wajen giram 4 maimakon 8. In ya daidaita nauyi, dole sulen ya yi kauri ko faɗi fiye da ƙima. Kaurin fam na Ingila wajen milimita ɗaya da rabi ne. In za ka yi amfani da ma'aunin kauri na ƙarfe irin na makanikai, ka matse a hankali don kada bakinsa ya ci gefen.

Maganaɗisu gwaji ne na rabin hanya. Idan ya ja sulen, ba zinare ba ne. Idan bai ja ba, ba a tabbatar da komai ba, domin tagulla, jan ƙarfe, dalma da azurfa duk ba ya jan su. Mutane da yawa sun tsaya a nan suka fara murna.

Gwajin ruwa

Wannan shi ne mafi ƙarfin abin da za ka iya yi a ɗaki ba tare da ka cutar da sulen ba, don haka a yi shi da natsuwa.

Ka auna sulen a bushe ka rubuta. Ka zuba ruwa mai tsabta a ƙaramin kofin roba marar nauyi, ka ɗora a sikeli, ka danna maɓallin da ke mayar da shi sifili. Ka ɗaure sulen da siririn zaren ɗinki, gicciye, yadda ba zai zame ba. Ka sauke shi cikin ruwan a hankali har ya nutse duka, amma ya tsaya a rataye, kada ya taɓa ƙasan kofi ko gefensa. Hannu yakan yi rawa, don haka ya fi kyau ka ɗaura zaren a fensir, ka gitta fensirin a kan littattafai biyu da ke gefe da gefen sikelin, ba a kan kofin ba. Idan ƙananan kumfa sun maƙale a jikinsa ko a ƙullin zaren, ka ɗan girgiza su tashi, don suna ƙara lamba. Abin da sikelin ya nuna yanzu ka rubuta. Sai ka raba nauyin farko da wannan na biyu.

Zinare tsantsa yana ba da 19.3. Karat 22 yakan faɗo tsakanin 17.5 da 17.8. Karat 18 wajen 15.5. Dalma 11.3, azurfa 10.5, jan ƙarfe 8.9, tagulla wajen 8.5. Fam na Ingila na gaske zai nuna wajen 0.45 a cikin ruwa, kuma 7.98 a raba da 0.45 ya ba da 17.7. In ya nuna 0.51, ya gangaro karat 18. Wannan ba baƙon abu ba ne, don a shekarun 1950 da 1960 an ƙera jabun fam masu yawa a Italiya da Gabas ta Tsakiya da zinare na gaske, wasunsu da karat ɗin da bai cika ba, kuma a lokacin ne alhazai suka fara yawaita.

Iyakar gwajin ita ce ƙanƙantar sule. Dinari mai giram 4.25 zai nuna 0.22 ko 0.23, kuma wannan ɗan bambanci kaɗai yana kai sakamako daga 19.3 zuwa 18.5. Don haka ya isa ya raba maka zinare da tagulla, amma bai isa ya faɗa maka karat daidai ba. Ka maimaita sau da yawa ka ɗauki tsaka-tsaki. Idan sulen na da kunne da aka liƙa masa don rataya, lissafin zai karkace. Akwai wani ƙarfe, tangistin, mai nauyi kusan ɗaya da zinare, amma an fi samun sa a cikin sanduna da manyan sulalla na zamani. Bayan gwaji ka ɗora sulen a ƙyalle mai laushi ya tsotse ruwan, kada ka murza.

Bugu ne ko zubi?

Kuɗin gaske buga shi ake yi tsakanin hatimi biyu da ƙarfi, shi ya sa haruffansa ke fitowa da kaifi, filinsa kuma santsi. Mai jabu sau da yawa narka ƙarfe yake ya zuba a mazubi. A ƙarƙashin madubi, na zubi haruffansa sun kumbura kamar sabulun da ya kwana a ruwa, filinsa da ƙananan ramuka ko ƙuraje, gefensa kuma da siririn layi inda rabi biyu suka haɗu, ko alamar magagari inda aka share layin. Ka duba tsagin gefen fam: ya zama daidai wa daida duk kewaye. Ka duba wurare masu tudu, kamar kumatun sarki da cinyar doki. Idan wani launi ja ko fari na leƙowa a nan, ruwan gwal ne aka yi masa.

Ka riƙe fam na Edward ko na Joji ta sama da ƙasa ka juya shi gefe. Dokin ya kamata ya fito a tsaye, ba a kife ko a karkace ba.

Tsohon dinari kuwa da hannu aka buga shi, da guduma, don haka rashin daidaito ne adonsa. Kewayensa ba ya cika zagaye, rubutun gefe yakan fita waje ta wani ɓangare. Idan kun sami biyu a ƙulli ɗaya kuma komai nasu iri ɗaya ne, har karkacewa da ƙwarzane, to daga mazubi ɗaya suka fito. Ka gwada naka da hotunan na asali a rumbunan intanet irin Numista, ko Zeno wanda ya fi ƙarfi a kuɗaɗen ƙasashen Musulmi, harafi da harafi.

Idan za a je wurin mai gwal

Ku je ku biyu, ka kuma faɗi buƙatarka tun kafin ka kwance ƙullin. "Alhaji, don Allah awo kawai muke so, kayan marayu ne. Kada a goga, kada a sa ruwa." Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Kada sulen ya bar idonka, ko da an ce za a shiga da shi ciki a nuna wa maigida. Goga shi a dutsen gwaji yana cin gefe, yanka da magagari ya fi muni, wuta kuwa ita ce ƙarshen zance. Wasu manyan dillalan gwal a birane suna da na'urar XRF mai karanta sinadaran ƙarfe da haske ba tare da ta taɓa shi ba. Tana da kyau, amma fatar sama kawai take gani, don haka ruwan gwal mai kauri na iya ruɗin ta. Sakamakonta sai an haɗa da na sikeli da na ruwa. Ka nemi a rubuta maka abin da ta nuna. Kuma wanda ya gwada maka, kada ya zama shi ne mai saye a wannan zama. Idan ya ce "wannan ai ba wani abu ba ne, amma kawo in taimaka maka," ka yi godiya ka naɗe kayanka.

Masana, doka da tsaro

Idan alamu sun nuna tsohon dinari ne ko wani abin da ba ka samu a hotuna ba, ka fara da aika hoto da awo, ba sulen ba. Akwai sassan tarihi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau, akwai Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, da Cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da Arewa House a Kaduna. Ko ba su da masanin kuɗi, suna da masu karanta tsohon rubutun Larabci, kuma sun san inda za su tura ka. A waje akwai kamfanonin tantancewa irin NGC da PCGS, da gidajen gwanjo na Landan. Amma kafin ka yi tunanin fitar da shi, ka sani dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izininta ba, ta kuma taƙaita cinikinsu. Ka je ofishinsu ka tambaya matsayin naka. Idan kuma ba gado ba ne, tono shi aka yi a gona ko kufai, to hukuncinsa daban ne a doka, a fiƙihu ma ya shiga babin rikazi mai humusi, sai a tambayi malamai.

Halin rashin tsaro da Zamfara da wasu sassan Kebbi ke ciki ba sai an faɗa ba. Kada ka sa hoton a Facebook ko zauren WhatsApp na unguwa. Kada a yi zancen a majalisa ko a mota. Labarin sule ɗaya, kafin ya kai ƙauye na uku ya zama tukunya guda. In za ka tura hoto ga masani, ka kashe alamar wuri a wayarka, kada kuma fuskar kowa ko ɗakin ya fito.

Ƙima da rabo

Ƙimar farko ta ƙarfen ce. Fam na Ingila na ɗauke da giram 7.32 na zinare tsantsa, lirar Turkawa wajen 6.6, faran 20 na Faransa 5.8. Ka ninka da farashin giram na karat 24 na ranar, ka san ƙasan da ba za a sauka ba sai ɗan ragin dillali. Gaskiyar da ya kamata magada su ji ita ce yawancin waɗannan an buga su da miliyoyi, kuɗinsu bai wuce na zinarensu da wani abin kirki ba, musamman in an huda su ko an liƙa musu kunne. Amma akwai 'yan kaɗan da shekara ko garin bugu ke ɗaga su nesa. A 2019 an sayar da wani dinarin Banu Umayya na shekara ta 105 bayan hijira a Landan a kan fam miliyan 3.7, alhali zinaren jikinsa bai wuce giram huɗu da ɗoriya ba. Da ya faɗa tukunyar maƙeri, da ɗan kunne ɗaya zai zama. Wannan ne dalilin da ya sa ba a narkawa kuma ba a yanka sule don a raba wa magada.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a sami ƙima daga wurare biyu ko uku a rubuce, a kai gaban malamin da ke rabon ko alƙali, sannan ko a sayar a raba kuɗin, ko ɗaya daga cikin magada ya riƙe a cire daga kasonsa da yardar saura. Idan akwai marayu ƙanana, waliyyinsu ya halarta. Ranar sayarwa a tuna cinikin zinare hannu da hannu ne, a ga kuɗi sun shiga kafin a miƙa, ba a karɓar "gobe zan cika". Zakka kuma ba ta hau sule ɗaya shi kaɗai, tunda nisabi miskali 20 ne, wajen giram 85, sai dai in an haɗa shi da sauran dukiyar mai shi ya kai, shekara kuma ta zagayo.

Wanda ya riƙe ya sa kowane sule a ƙaramar ambulan ta takarda shi kaɗai, don in suna gugar juna suna cin juna. A guji leda mai taushi irin ta jakar katin shaida, tana fitar da wani maiƙo idan ta sha zafi. A bayan ambulan a rubuta nauyi, faɗi, sakamakon gwajin ruwa, abin da aka karanta a jikinsa, da labarin da Gwaggo ta bayar. Kwafin wannan takarda da hotunan kuma a ba wani daga cikin magada ya ajiye a wani gida daban.